Baƙin Allon da Kuka Gani Ba Sakawa Ba Ne

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Gasar Kimiyya ta 'Yan Makarantun Zango,
ta hannun Malam Sakatare,
Nima, Accra.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Baba Alhaji, ina gaishe ku da girmamawa, ku da sauran iyayenmu na kwamiti. Ina fata kuna lafiya, ya iyali, ya hidimar jama'a. Allah ya ƙara girma.

Sunana Hamdiya. Ina aji biyu na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya, gidanmu yana Maamobi. Ni ce yarinyar da aka zare wa wayar wuta ranar Asabar da ta wuce a zauren gasa, aka soke sunana, aka rubuta a gabansa cewa an kama ni ina sakawa, wato damfarar mutane ta intanet. A ranar kun tambaye ni sau uku abin da nake yi, ban ba da amsa ba. Ba raini ba ne, Baba Alhaji. Haka nake tun ina ƙarama: in mutum fiye da uku suka zuba mini ido, muryata takan tafi ta bar ni a tsaye. Shi ya sa na rubuto. Na kuma rubuta da Hausa, a buɗe, domin da Hausa maganar ta zaga unguwa, har ta kai wajen mai sayar da wake da shinkafa a bakin layinmu. Ina so amsar ta bi hanyar da maganar ta bi.

Na farko, takardar umarninku. Mako uku kafin gasa kuka aiko wa kowace makaranta takarda guda. Ta ce kowane ɗan gasa zai sauke wata manhajar kimiyyar sinadarai daga intanet, ya ɗora ta a kwamfuta, ya gina ƙwayar wani sinadari a cikinta, ranar gasa kuma ya zo da kwamfutar ya buɗe manhajar a gaban alƙalai, ya nuna ƙwayar tana juyawa. Ba zan ambaci sunan manhajar ba, don ba ita ta yi mini laifi ba. Yadda ake ɗora ta kuwa, layi huɗu aka rubuta: a sauke fayil, a danna shi sau biyu, a yi ta danna maɓallin ci gaba har ya ƙare, hoton manhajar zai fito a allo sai a danna shi sau biyu. A ƙasa an ƙara da cewa abin ba ya wuce minti biyar. Ni kwana goma sha tara ya ɗauke ni. Wanda ya rubuta takardar, Allah ya saka masa da alheri, ya ɗauka duk kwamfutar da ke Zango irin tasa ce, sabuwa, mai Windows, mai jin Turanci. Kwamfutocin Zango kuwa kamar mutanen Zango suke, kowace da ƙasar da ta fito, da yaren da take ji, da halinta.

Na biyu, kwamfutar Kawu. Ba ni da kwamfuta tawa. Amma ƙanin mahaifiyata, Kawu Sulley, yana Jamus, kuma ya taɓa aiko da wata tsohuwar kwamfutar cinya a cikin ganga tare da takalma da man shafawa. Kun san al'adarmu: kayan wanda ke turai ba a taɓa su sai ya dawo. Kaka ta naɗe ta da mayafin da ta zo da shi daga Makka, ta ɗora a kan kwaba, shekara uku ke nan. Kwana biyu aka yi ana neman izini. Kaka ta ce sai ta ji daga bakinsa, da aka kunna mata saƙon muryarsa kuma ta ce sai ta ga fuskarsa, don yanzu ana kwaikwayon muryoyi. Rana ta uku aka sauko da ita.

Windows ce, na yi hamdala. Sai dai da Jamusanci take magana. Na sauke fayil da wayar Mama, na danna shi sau biyu kamar yadda kuka ce, sai wani ɗan akwati ya fito da rubutu mai tsawo da maɓalli guda a ƙasa. Na ɗauki hotonsa na tura wa Kawu. Washegari ya amsa cewa yana ganin gaisuwa ce, in danna kawai. Na danna, akwatin ya tafi, babu abin da ya biyo baya. Na sake, ya sake fitowa. Na sake tura wa Kawu. A nan ne muka gano abin da duk gidanmu ba mu sani ba: shekara goma sha ɗaya Kawu yana Jamus, amma Jamusancinsa na tashar jirgi ne da na kanti. Sai da ya kai hoton wa wani abokin aikinsa. Rana ta shida amsa ta iso: akwatin cewa yake wannan manhaja ba za ta yi aiki a wannan kwamfuta ba, domin an yi ta ne don sababbi masu bit sittin da huɗu, ta Kawu kuwa mai talatin da biyu ce. Kwana uku kwamfuta tana ce mini a'a, ni kuma ina amsa mata gaisuwa. Kaka ta sake naɗe ta, ta ce dama ta san ba ta son a tashe ta mai ita ba ya nan.

Na uku, kwamfutar Hajiya Memuna. Aminiyar Kaka ce, tana sayar da atamfa a kasuwar Nima. 'Yarta ta aiko mata da kwamfuta ƙirar Mac daga Amurka, kuma abu biyu take yi da ita: sauraron tafsiri da ganin jikoki. Takardarku ba ta ambaci Mac ba ko da kuskure. A shafin manhajar na ga ashe fayil ɗinta daban ne, kuma ba a danna ci gaba ko sau ɗaya. Buɗe shi ake yi, a ja hoton manhajar a jefa cikin jakar manhajoji. Na yi haka a cikin shago, tsakanin dila biyu na atamfa, ya tafi sumul. Da na zo buɗewa sai kwamfutar ta ce ba za ta buɗe ba, domin ba ta iya tabbatar da wanda ya ƙirƙiri manhajar ba.

Laifina ɗaya, na fassara wa Hajiya. Ta ajiye almakashi ta ce Allahu akbar, ashe na'urar nan ta fi 'ya'yan zamani tarbiyya, ba ta buɗe wa baƙo ƙofa sai ta san asalinsa. Ta tambaye ni wanda ya yi manhajar, ɗan gidan wa ne, mutumin wane gari. Na ce malaman jami'a ne masu yawa a ƙasashe daban-daban suka haɗu suka yi, kuma kyauta suke bayarwa. Ta ce to wannan ya fi muni, abu ba shi da uba guda, kuma kyauta. Ita shekara talatin tana kasuwa, abin da take bayarwa kyauta ƙyalle ne. Kwana uku Kaka tana zuwa shago ana shan shayi ana roƙo kafin Hajiya ta yarda. Akwai wurin da ake shiga a ce wa Mac an amince da baƙon, amma sai mai ita ta ɗora yatsa a kan wani maɓalli mai gane zanen yatsarta. Hajiya kuwa ta sha lalle na bikin 'yar ƙanwarta, yatsun sun yi baƙi ƙirin. Ta ɗora, na'ura ta ƙi. Ta goge a zani ta ɗora, ta ƙi. Ta yi bismilla ta ɗora, ta ƙi. Hajiya ta ce yanzu ta gane ba tarbiyya ba ce, rashin kunya ce, tun da har uwar gida ake tambaya asali. Sauran hanya ita ce kalmar sirri, wadda 'yarta kaɗai ta sani, ita kuma da aka kira ta ta ce kada wanda ya taɓa mata saiti. Kwana biyar suka tafi a nan.

Na huɗu, kwamfutar makarantarmu. Ɗakin kwamfutarmu kyauta aka ba mu shi, kuma duk na'urorin ciki ba Windows ba, wani tsari mai suna Linux suke amfani da shi. Da farko na guje su ne saboda na gwada fayil ɗin da takardarku ta ce, na danna shi sau biyu, sai kwamfutar ta farke shi kamar yadda mahauci ke farke rago, ta baje mini kayan ciki a allo, ba ta kunna komai ba. Da na rasa wurin zuwa sai na koma wajen malaminmu na kwamfuta, Mista Mensah. Mutumin kirki ne, kuma mai gaskiya: ya ce shi ma tun kwalejin horon malamai rabonsa da wannan fanni, amma mu zauna mu karanta tare.

Akwai fayil na uku, na Linux. Sau biyu ana ɗauke wuta muna tsakiyar sauke shi, mu koma farko. Da ya sauka, danna shi bai yi komai ba, domin a Linux fayil ba ya tashi ya yi aiki sai an ba shi izini. Ana ba da izinin ne a wata baƙar taga da ake kira tamina, inda babu hoto ko ɗaya, sai dai mutum ya rubuta umarni da hannunsa kwamfuta ta amsa masa a rubuce. Muka ba shi izini. Sai manhajar ta ce ba za ta tashi ba sai an kawo mata wani ƙaramin fayil da take dogara da shi. Muka kawo. Shi kuma ya ce ba ya zama sai da ɗan'uwansa. Ɗan'uwan ya ce sai da wasu biyu. Baba Alhaji, kun san yadda in an gayyaci mace ɗaya suna a Maamobi takan zo da ƙanwarta, ƙanwar ta zo da maƙwabciya, maƙwabciyar ta zo da baƙuwar da ta sauka gidanta jiya. Haka muka yi ta shimfiɗa tabarma har fayil bakwai. A rana ta goma sha tara, bayan an tashi daga makaranta, na rubuta umarni na danna, rubutu ya gudana, taga ta buɗe. Ni dai hannu na sa na rufe baki. Mista Mensah ne ya yi ihu da yaren Twi har shugabar makaranta ta fito da gudu tana tambaya ina gobarar take.

Kwana biyun da suka rage na gina ƙwayar kafeyin, sinadarin da ke cikin goro mai hana barci. Na zaɓe shi ne saboda Kaka, da kuma saboda malamin tarihi ya ce fataucin goro na cikin abin da ya kawo kakanninmu ƙasar nan. Ƙwayoyin zarra ashirin da huɗu ne a jikinsa, na jera su ɗaya bayan ɗaya, kowace da launinta, kuma yana juyawa.

Na biyar, ranar gasa. Takardarku ta ce a zo da kwamfutar. Tamu ta tebur ce: akwati, allo, madannai da linzami, wato maus. Shugabar makaranta ta sa ni da Mista Mensah muka sa hannu a takarda, ta ce in wani abu ya fashe kada mu dawo. Mama ta juye kwanon da take kai koko kasuwa, ta shimfiɗa zani, ta ɗora akwatin a ciki ta ɗauka a ka. Ni na rungumi allo, Mista Mensah ya rataya wayoyi a wuya. Haka muka tako daga Maamobi zuwa Nima, mutane suna tambayar Mama ko tashi muka yi daga gidan haya.

A bakin zaure aka ce malamai da iyaye su tsaya waje. Na shiga ni kaɗai na haɗa kayana. Da layi ya zo kaina na kunna kwamfuta, na buɗe baƙar tagar nan, na rubuta layi biyu, rubutu ya fara gudu a allo. Malam Sakatare yana tsaye a bayana. Ya yi salati da ƙarfi, ya ce jama'a ga shi nan, irin wannan baƙin allon ya gani a fim, da shi ake kwashe kuɗin banki. Na ga alƙali ɗaya ya dafe aljihun da wayarsa take ciki. Na biyu ya ciro tasa ya kashe ta gaba ɗaya, yana cewa kuɗin makarantar 'ya'yansa na ciki. Kafin in ɗaga kai Malam Sakatare ya yi tsalle ya zare wayar wuta daga bango.

Ina roƙon a lura da abu uku a nan. Ɗaya, wayar da ya zare ita ce ke ba duk teburin wuta, saboda haka fanka ta tsaya, lasifika ta mutu ana tsakiyar gabatar da babban baƙo, kwamfutocin 'yan gasa biyu kuma suka ɗauke, don batirinsu ya daɗe da rasuwa. Su biyun an ba su dama sun sake kunnawa. Ni ba a ba ni ba. Biyu, zauren ba shi da intanet, akwatin da Mama ta ɗauko kuma ba ya kama intanet sai an soka masa waya, wayar kuwa tana Maamobi a manne da bangon makaranta. Da me zan shiga banki? Uku, da an ƙara mini daƙiƙa goma, da ƙwayar ta fito tana juyawa.

Na shida, abin da na rubuta, don kowa ya gani. Layin farko: cd gasa. Ma'anarsa, shiga jakar da na sa wa suna gasa. Layi na biyu: ɗigo, karkatacciyar sanda, sannan sunan manhajar. Ma'anarsa, tashi ki yi aiki. Shi ke nan. Daidai yake da danna hoto sau biyu da takardarku ta ce, sai dai a kwamfutarmu babu hoton da za a danna. Rubutun da ya gudana kuma manhajar ce ke lissafa kayan aikinta tana ɗauka, kamar yadda tela ke duba almakashi da zare da alli kafin ya zauna a keke. Duk mai shakka ya kai wannan sakin layi wa duk wanda ya yarda da iliminsa na kwamfuta, ko a Accra ko a Jamus.

Na bakwai, abin da ya biyo baya. Kafin mu iso gida da kwanon, labari ya riga mu. Samarin da ke shan shayi a benci a bakin layinmu yanzu in na wuce sai su miƙe tsaye su sara mini, suna kirana Hajiya Dala, wai mai dalar Amurka. Ɗaya ya biyo ni cikin ladabi yana roƙon in ɗauke shi almajirin sana'a, ya ce zai riƙa kawo nasa abincin. Wata mata ta zo wajen Mama da lambar jarrabawar ɗanta a takarda, ta ce ba ta neman da yawa, makin lissafi kawai za a ɗan ɗaga masa. Mai wake da shinkafa ta daina karɓar kuɗi ta waya daga hannuna. Kaka kaɗai ke murna, ta ce tun da manya suka tsorata, lalle karatun yana shiga.

Waɗannan zan iya haƙuri da su. Wanda ba zan iya ba shi ne na mahaifina. Tela ne, kuma masallaci ɗaya kuke salla da shi, Baba Alhaji. Shi ne mai zama a sahu na biyu kusa da taga. Ranar Asabar da yamma ya kira ni ya tambaye ni sau ɗaya ko na yi abin da ake faɗa. Na ce ban yi ba. Ya ce to, ya ci gaba da ɗinkinsa, bai sake tayar da maganar ba. Amma tun ranar Lahadi ya daina zuwa masallacin unguwa. Masallacin unguwar Kotobabi yake tafiya a ƙafa, inda ba a san shi sosai ba, ga ciwon gwiwa. Da Mama ta tambaye shi sai ya ce likita ne ya ce ya riƙa motsa jiki. Babu likitan da ya gani. Na sani domin ni ke ajiye katin asibitinsa.

Ba na neman a hukunta Malam Sakatare. Na san abin da ya tsorata shi. Sakawa ta ɓata sunan unguwanninmu, har in mutum ya ce daga Nima yake sai a sake duba shi, kuma kwamitinku ya kafa gasar nan ne don a san mu da wani abu daban. Ni ma abin da ya sa na shiga ke nan.

Saboda haka ina roƙon abu uku, cikin ladabi.

Ɗaya, kafin zagayen ƙarshe na ranar Asabar mai zuwa, a ba ni dama in kunna kwamfutar a gaban kwamiti. A bar Mista Mensah ya shigo ya tsaya kusa da ni, domin in an yi tambaya muryata ta ƙi fita, shi tasa ba ta taɓa ƙi ba. A kuma ba Malam Sakatare kujera mai kyau a gaba, inda zai ga allo sosai, nesa da bango. In ƙwayar ta fito ta juya, a mayar da sunana cikin 'yan gasa. In ba ta fito ba, na yarda da hukuncinku.

Biyu, a sake rubuta takardar umarni ta zama kashi uku, na Windows, na Mac da na Linux, a kuma faɗi irin tsufan da kwamfuta za ta yi manhajar ta ƙi ta. Na rubuta daftari shafi biyu na haɗa da kwafin da na ba Malam Sakatare. In ya yi muku, ku yi amfani da shi, ba sai an sa sunana ba.

Uku, in gaskiyata ta fito, a goge kalmar nan daga gaban sunana, a kuma faɗa da baki a masallacin unguwa, da lasifika, bayan sallar Juma'a, kafin mutane su watse neman takalmansu. Ba sai an yabe ni ba. A ce kawai an bincika, 'yar tela ba ta yi ba. Ina kuma roƙon a aika wa mahaifina tun ranar Alhamis, don ya san masallacin da zai nufa.

Allah ya ƙara wa Baba Alhaji lafiya da nisan kwana, ya saka wa kwamiti da alheri a kan ɗawainiyar da yake yi da 'ya'yan Zango, ya ba ku ikon yin adalci ga babba da yaro. Allah ya huci zuciyar Malam Sakatare, ya tsare masa abin da ke cikin wayarsa. In akwai kalmar da ta yi kaifi a wasiƙar nan, a yafe mini, ƙuruciya ce.

Wassalam.

'Yarku,
Hamdiya,
aji biyu, ɓangaren kimiyya,
Maamobi.